Turancin Katsina: Yadda Harshen Baƙi Ya Zauna a Bakin 'Yan Arewa

Gabatarwa

A ranar 7 ga watan Oktoba na shekarar 1960, mako guda bayan samun mulkin kai, aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya miƙe a zauren majalisar a birnin New York ya yi jawabi da sunan sabuwar ƙasar shi ne Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da Turanci ya yi magana, cikin natsuwa da murya mai kauri, kowace kalma tana fita a kan ƙa'idarta. Saboda irin wannan lafazi ne aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Abin lura shi ne, an haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi, cikin jama'ar da ba ta jin Turanci, kuma bai taka ƙasar Ingila ba sai a 1945, bayan ya haura shekara talatin. Ashe ke nan a gida ya sami abin da duniya ta ji a bakinsa.

Yau kuwa ɗalibi kan shafe shekara goma sha biyu ana koyar da shi da Turanci, ya ci jarrabawa, ya riƙe takardar shaida, amma idan aka ce ya tashi ya yi bayani na minti biyar sai gumi ya keto masa, harshe ya sarƙe. Wannan maƙala za ta bi sawun tarihi don gano yadda mutanen farko suka iya magana da wannan harshe, da abin da iyawar ta amfana wa Arewa, da kuma inda aka yi sake har aka wayi gari a halin da ake ciki.

Zamanin Tafinta

Lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawan Ingila a 1903, sarakuna da sababbin masu mulki ba sa jin maganar juna. Tafinta ne ke tsakani. Shi ke ɗaukar zancen sarki ya kai wa Razdan, ya ɗauko na Razdan ya kawo wa sarki, kuma babu mai iya tantance abin da ya ƙara ko ya rage a hanya. Talakan da ya kawo ƙara gaban Di'o, makomarsa na rataye da gaskiyar mutumin da ke juya masa magana. Wasu tafintocin sun yi amfani da wannan dama sun tara dukiya, sun ɗaukaka wanda suka so, sun kuma kassara wanda suka ƙi.

Gwamna Lugga ya ga wannan ɓaraka, amma maganin da gwamnatinsa ta zaɓa shi ne jami'an Turawa su koyi Hausa, har aka sa musu jarrabawa a kanta. Ba a yi gaggawar koya wa 'yan ƙasa Turanci ba. An kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, alhali su ne suka yaɗa makarantu a Kudu. Ko da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka riƙa koyarwa, cikin rubutun boko. A wannan lokaci Legas ta riga ta yi shekara hamsin da samun makarantar sakandare, domin tun 1859 aka kafa ta farko a can.

Sakamakon wannan bambanci bai daɗe ba ya bayyana. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai ayyukan da ke bukatar Turanci suka yawaita: akawun ofis, ma'aikacin gidan waya, mai sayar da tikiti a tasha, malamin asibiti. Mafi yawan masu riƙe da waɗannan ayyuka daga Kudu suka zo, wasu ma daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Ɗan ƙasa ya zama baƙo a ofishin da ke garinsu, saboda harshen da ake aiki da shi ba ya bakinsa.

Kwalejin Katsina

A cikin wannan hali aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi aikin hajji ya kuma ziyarci Ingila a daidai wannan zamani, ya karɓi makarantar da hannu biyu. Manufarta ita ce ta horar da malaman da za su koyar a makarantun lardi, waɗanda daga baya suka zama makarantun midil. Shekara biyar ɗalibi ke yi, yana kwana a makaranta.

Ɗaliban ba su da yawa. Kowane ɗalibi ana ba shi lamba bisa jerin shigarsa. Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya shiga a 1926 da lamba 87. Abubakar Imam ya biyo baya a 1927. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928 da lamba 145. Ma'ana, cikin shekara bakwai na farko, duk faɗin Arewa daga Sakkwato zuwa Borno, daga Katsina zuwa Ilori, waɗanda suka sami shiga ba su kai ɗari biyu ba. Wannan ƙaranci ya cutar da yankin ta wata fuska, kamar yadda za a gani nan gaba, amma ta fuskar koyon magana ya yi rana. Malami ya san muryar kowane ɗalibinsa, ya san sautin da ke ba shi wahala, kuma babu wanda zai ɓuya a bayan aji ya ƙare shekara bai buɗe baki ba.

Malaman Turanci 'yan asalin harshen ne. Shugaban farko shi ne G. A. J. Bieneman, amma sunan da ya fi shahara wajen koyar da lafazi shi ne Gerald Power, wanda shi ma ya shugabanci kwalejin. Ya ɗauki ilimin furuci a matsayin ginshiƙin koyon harshe. Wannan ra'ayi sabo ne a lokacin. Kafin nan, a Turai ma ana koyar da harsunan waje ne ta hanyar haddace nahawu da fassara jimloli a takarda, har mutum ya iya karanta littafi amma ya kasa tambayar hanya. A 1886 wasu malaman harsuna ƙarƙashin jagorancin Paul Passy suka kafa ƙungiya a Faransa, suna kira da a fara da kunne da baki kafin alƙalami. Ƙungiyar ce ta fito da alamomin rubuta sauti da ake gani a ƙamus har yau. A 1917 kuma Daniel Jones na Jami'ar Landan ya wallafa ƙamus na lafazin Turanci. Kwalejin Katsina ta buɗe shekara huɗu kacal bayan fitowar wannan ƙamus, ta kuma ci gajiyar wannan sabuwar hanya.

Bayan darasin lafazi, da Turanci ake koyar da lissafi da tarihi da labarin ƙasa. Idan an fita filin wasa kuma, inda Sardauna ya koyi wasan fayis da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, nan ma harshen na biye da su. Ɗalibi yana jin Turanci daga bakin masu shi, yana mayarwa, ana gyara masa, kullum har shekara biyar. Yau da gobe, an ce, ka sa allura ginin rijiya.

Abin da Harshe Ya Yi Fama da Shi

Don a gane girman aikin, ya kamata a duba tazarar da ke tsakanin sautukan harsunan biyu. Hausa na da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo. Turancin Ingila kuwa na da wasula tilo goma sha biyu da tagwaye takwas. A Hausa sautin f da na p ba sa bambanta ma'ana, shi ya sa mai koyo kan sa ɗaya a gurbin ɗaya, alhali a Turanci musanya su na iya juya kalma ta koma wata. Babu v a Hausa, sai a mayar da shi b. Akwai kuma sautuka biyu da ake rubutawa da th, waɗanda ake furtawa da tsinin harshe a tsakanin haƙora. Bahaushe kan mayar da su s da z, kamar yadda ya yi wa takwarorinsu na Larabci a cikin sunan Usman da kalmar zikiri.

Sannan gaɓar Hausa ba ta yarda baƙaƙe su yi cunkoso a farkonta ba. Duk inda Turanci ya jera biyu ko uku, sai Hausa ta cusa wasali a tsakani. Shaidar wannan na nan cikin kalmomin aro irin su burodi da fursuna da sukudireba. A ƙarshe, Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, shi kuwa Turanci yana danna gaɓa ɗaya ne ya sassauta sauran. Wanda ya ba kowace gaɓa nauyi ɗaya, ko da kalmominsa daidai ne, mai sauraro zai wahala kafin ya fahimce shi. Duk waɗannan aikin leɓe da harshe da numfashi ne, kuma gaɓoɓin jiki ba sa sabawa da abu sai sun yi ta yin sa.

Sai dai ɗaliban ba su zo hannu rabbana ba. Kunnen da ya saba bambance gari na mazauni da gari na tuwo, ko dafa abinci da dafa kafaɗa, ba zai sha wuyar jin bambancin dogon wasali da gajere a wani harshe ba. Binciken da Farfesa Munzali Jibril ya yi don digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, kan bambance-bambancen lafazin Turancin Nijeriya, ya nuna cewa Turancin Hausawa na da tsarin sautinsa daban da na Kudu. Haka kuma yawancinsu sun fara da makarantar allo, inda malam ke biya wa almajiri, shi kuma ya maimaita da ƙarfi, a gyara masa, ya sake, ba tare da ya ɗauki gyaran a matsayin wulaƙanci ba. Malaman tajwidi ma sun daɗe suna koyar da mafitar kowane harafi. A ganina, darasin Power ya sami karɓuwa ne domin ya tarar da yaran da aka riga aka tarbiyyantar a kan cewa furuci abu ne da ake karɓa baki da baki.

Ranar da Magana Ta Yi Rana

Turawan da suka kafa kwalejin malaman makaranta suke nema, waɗanda za su yi wa En'e hidima cikin ladabi. Ba su yi nufin horar da masu ja da su ba. Amma wanda ya iya harshen mai mulki ya sami hanyar yi masa tambaya. A 1943 Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafa ta a 1939, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma. A can ya gana da Lugga, wanda ya riga ya yi ritaya, ya bayyana masa matsalolin Arewa da bakinsa. Shekara arba'in bayan cin Sakkwato, ɗan ƙasa ya zauna da wanda ya ci ƙasar, ba tafinta a tsakani. A daidai wannan zamani aka kafa dandalin tattaunawa a Bauchi, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa suke muhawara da jami'an Turawa a kan yadda ake gudanar da mulki. Wannan dandali makaranta ce ta biyu, domin a nan suka koyi kare hujja a gaban mai musu, abin da ya wuce iya furta kalma daidai.

Da aka shiga zamanin sauye-sauyen tsarin mulki, bukatar ta ƙara tsananta. A Majalisar Arewa da ke Kaduna an yarda a yi magana da Hausa ko Turanci, amma a Legas Turanci ne kaɗai. A taron Ibadan na watan Janairun 1950 wakilan Arewa suka dage sai an ba yankin rabin kujerun majalisar tsakiya, kuma daga ƙarshe suka samu. A watan Agusta na wannan shekara Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin neman gyaran tsarin En'e, ya faɗi aibin tsarin a gaban manyan jami'an da suke alfahari da shi.

A ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a sa 'yan kalmomin Turanci masu nufin da zarar hali ya yi. Dalilinsa shi ne Arewa ba ta da isassun masu ilimin zamani da za su riƙe ofisoshi idan Turawa suka tafi. An yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, aka yi tarzoma a Kano a watan Mayu, sannan aka tafi taron Landan wanda ya haifar da tsarin tarayya na 1954. Duk wanda ya duba wannan rikici zai ga fuskoki biyu na gadon Katsina. Ta samar da mutanen da suka iya tsayawa a Legas da Landan su yi ciniki a kan makomar yankinsu da bakinsu. Amma kuma ƙarancin waɗanda ta yaye shi ne ainihin abin da ya sa suka nemi a jinkirta. Ɗalibanta duk maza ne, da yawansu 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e, ita kuwa 'ya mace da ɗan talakan ƙauye an bar su a baya.

Akwai wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Waɗannan mutane ba su sayar da Hausarsu don sayen Turanci ba. A gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa kuma ya rubuta Shaihu Umar, dukansu ba su daɗe da barin Katsina ba. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya yi kwalejin bayan ta koma Kaduna, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma masu sauraro sun shaida fasaharsa a harsunan biyu. Wanda ya san yadda ake jera zance da kawo misali da rufe hujja a harshen uwa, da wannan jari yake shiga kowane harshe.

Daga Baki Zuwa Takarda

Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, a 1971 kuma aka sa mata suna Barewa. Bayan mulkin kai makarantu suka yawaita, abin da kowa ke fata. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ta kwarara, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa don cike gurbi. An buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe, amma ba a tanadi abin da ya sa 'yan farko suka iya magana ba. Ajin da malami ke sanin muryar kowa ya koma taron da ko sunaye ba ya iya riƙewa. A irin wannan aji abin da ya fi sauƙi shi ne malami ya rubuta a allo, yara su kwafa. Sannu a hankali Turanci ya bar baki ya koma littafin rubutu.

Wasu makarantu sun nemi gyara ta hanyar hana magana da harshen gida, da tara ko bulala ga wanda aka kama. Abin da wannan ya fi haifarwa shi ne shiru. Yaron da aka hana Hausa, kuma yana tsoron a yi masa dariya idan ya yi kuskure a Turanci, sai ya zaɓi kame bakinsa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, amma aiwatarwar ta yi rauni, yara da yawa suka tashi ba su ƙware a ko ɗaya ba.

Jarrabawa ita ma ta bi wannan hanya. A jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC akwai takarda ta musamman a kan lafazin Turanci, amma a Nijeriya ba da baki ake amsa ta ba. Ɗalibi yana zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu a kan sautin da ba a nemi ya furta ba. Yana iya cinye makin duka bai ce uffan ba. Tunda malami da ɗalibi duk abin da za a tambaya suke wa shiri, ilimin furucin da aka kawo don a saki harshe ya zama wani abin haddacewa.

Kammalawa

Ba za a iya mayar da zamanin Katsina ba, kuma bai kamata a yi fatan haka ba, domin makarantar da ba ta ɗauki mutum ɗari biyu ba cikin shekara bakwai ba za ta ishi al'ummar miliyoyi ba. Burin ma ba shi ne ɗan Kano ko ɗan Gusau ya yi magana kamar haifaffen Landan ba. Abin nema shi ne a fahimce shi ba wahala, ya kuma faɗi abin da ke ransa ba fargaba, ko a gaban masu ɗaukar aiki, ko a asibiti, ko a kotu, don kada ya koma hannun tafinta kamar kakanninsa.

Tarihin ya nuna abubuwan da suka yi aiki. Ɗaliban sun saurari harshen sosai daga bakin waɗanda suka iya shi. Sun yi magana da shi kullum. Sun sami mai gyara musu ba tare da muzantawa ba. Sun sami abin da ya dame su da za su yi muhawara a kai, sun kuma tsaya da ƙafafunsu a harshen gida. Na farkon, wanda a da sai an ɗauko malami daga Ingila, yau rediyo da wayar hannu sun kawo shi har ɗaki. Sauran ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Malami na iya raba babban aji ƙungiya-ƙungiya ya ba kowane yaro damar magana, ya farfaɗo da ƙungiyar muhawara da karatu a bayyane, ya kuma hana dariya ga mai kuskure. Hukumomin jarrabawa kuma su nemi hanyar jin muryar ɗalibi kafin su ba shi maki a kan lafazi.

Ginin tsohuwar kwalejin, na jar ƙasa, yana nan a birnin Katsina, an mayar da shi gidan tarihi. Ɗakunansa ƙanana ne. Abin da aka yi a ciki shi ne malami ya faɗa, ɗalibi ya maimaita, a gyara, a sake, har harshe ya saba. Wannan kuwa ana iya yin sa gobe da safe a kowace makarantar firamare da ke ƙasar nan.